AP, IB ko Kwasa-kwasan Kwaleji: Wanne Ya Dace da Ɗalibar Sakandare a Amurka?

Wani bawan Allah mutumin Maradi, wanda ya daɗe yana zaune da iyalinsa a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, ya aiko da tambaya kamar haka: “Ɗiyata tana gab da gama aji 10, an kuma ba ta takardar zaɓen darussan shekara mai zuwa domin in sa hannu. An ce akwai AP, akwai IB, akwai kuma wani tsari da za ta riƙa ɗaukar darasi a kwaleji tana sakandare, kuma dukansu wai ana samun kiredit na jami'a da su. Burinta ta karanci likitanci. Mene ne bambancinsu, wanne kuma ya kamata mu zaɓa?”

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya yin tambaya kafin ka sa hannu, domin iyaye da yawa a tsaye suke rattaba hannu a kan wannan takarda, da sassafe a bakin ƙofa, yaro yana gaggawar kama motar makaranta, alhali abin da aka zaɓa a cikinta yana iya bin ɗalibi har shekara goma. Na yi shekaru ina aiki a ofishin jami'a da ke tantance karatun da sababbin ɗalibai suka shigo da shi daga wani wuri, saboda haka bayanin da zan yi maka daga teburin da ake karɓar irin wannan kiredit ko a ƙi karɓarsa yake fitowa.

Bari mu fara daidaita ma'anar kalmar. Mu mutanen Najeriya idan muka ji an ce kiredit, hankalinmu yakan tafi ga sakamakon WAEC ko NECO, kamar yadda ake cewa yaro ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A jami'o'in Amurka kuwa kalmar ma'auni ce ta yawan karatu, wato abin da ɗaliban jami'o'inmu suke kira yunit. Digirin farko yana buƙatar kiredit wajen 120, kwas ɗaya na zango guda yakan zama kiredit 3, na kimiyya mai haɗe da ɗakin gwaje-gwaje kuma 4, ɗalibi yana ɗaukar kimanin 15 a kowane zango, zango biyu a shekara, har shekara huɗu. Wanda ya san IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take gudanarwa, ko JUPEB, ya riga ya san tushen tunanin: a yi karatun matakin jami'a tun kafin a shiga, domin a rage tafiya. Sai dai a can bayan an gama sakandare ake yi, kuma shekara guda cur ake yafe wa ɗalibi ya fara daga aji biyu, a nan kuwa ana cikin sakandare ake yi, kuma kwas-kwas ake lissafawa, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya raba waɗannan tsare-tsare shi ne wanda yake auna ɗalibi, da lokacin da ake auna shi, da kuma kundin da ake rubuta sakamakon a ciki. Abin da ya haɗa su kuwa, wanda takardun talla ba su cika fitowa da shi fili ba, shi ne cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke da maganar ƙarshe. Jami'ar da ɗiyarka za ta shiga ita ce za ta ce ta karɓa ko ba ta karɓa ba, ita ce kuma za ta ce a wane gurbi za ta ajiye abin da ta karɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma na sha ganin ɗalibin da ya zo da kiredit sama da 40 a takarda, amma da muka jera su kusa da manhajar digirin da yake so, waɗanda suka ɗauke masa wani nauyi ba su kai rabi ba, sauran suka zauna a gurbin kwasa-kwasan zaɓi da ba ya buƙata.

Na fara da AP, wato Advanced Placement, darussa masu matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare, domin shi ya fi yaɗuwa. Hukumar College Board ce take gudanar da shi tun 1955, ita ce kuma mai SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. Akwai darussa kusan 40, daga lissafi da kimiyyar sinadarai da nazarin halittu zuwa tarihi da harsuna, kuma ɗalibi yana da ikon ɗaukar guda ɗaya tak ko ya ɗauki goma a tsawon zamansa na sakandare. Malamin sakandare ne yake koyarwa a ajinsa na kullum, bisa manhajar da hukumar ta amince da ita. A nan akwai abin da ya kamata ka riƙe da kyau: darasin AP yana haifar da sakamako iri biyu waɗanda ba su da alaƙa da juna. Na farko shi ne makin da malami yake bayarwa a aji, wanda ke shiga kundin sakandare, kuma a Karolina ta Arewa ana ƙara masa nauyi wajen lissafin matsakaicin maki, ta yadda A a darasin AP take zama 5 maimakon 4. Na biyu shi ne makin jarrabawar ƙasa baki ɗaya da ake zamawa a watan Mayu, wadda takan ɗauki awa biyu zuwa uku da 'yan mintoci, waɗanda suke duba amsoshin ba su san ɗalibin ba, sakamako kuma yana fitowa a watan Yuli daga 1 zuwa 5. Wannan na biyun kaɗai jami'a take dubawa wajen ba da kiredit. Yarinya tana iya samun A a aji duk shekara, ta samu 2 a watan Mayu, ta fita ba ta da kiredit ko ɗaya. Kuɗin jarrabawar ya kusa dala 100 a kowane darasi, amma jiharku tana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati da suka yi rajistar darasin.

Yawan makin da ake nema ya danganta da inda aka je. Tun 2019 jami'o'i 16 na gwamnatin Karolina ta Arewa, ciki har da UNC Greensboro da NC A&T da ke garinku, suke kan ƙa'idar ba da kiredit ga wanda ya samu 3 ko fiye, kuma jihohin Texas da Illinois sun kafa irin wannan doka ga jami'o'insu na gwamnati a 2015. Manyan jami'o'i masu zaman kansu kuwa sun fi tsanani. Duke, wadda ba ta da nisa da ku, a kwalejinta ta kimiyya da adabi yawanci kwas biyu kawai take lissafa wa ɗalibi daga irin wannan karatu cikin kwas 34 da ake bukata kafin a gama. Dartmouth ta daina rage wa ɗalibi yawan kwasa-kwasan digiri saboda AP tun daga waɗanda suka shiga a 2014. Irin waɗannan jami'o'i sukan ba ɗalibi izinin tsallake kwas na matakin farko ya hau na gaba, wanda abu ne mai amfani, amma ba ya rage kuɗi ko shekaru. Idan kana karanta jadawalin wata jami'a, ka lura da kyau ko kiredit ta ce za ta bayar ko izinin tsallake mataki kawai.

Aibin AP shi ne cewa wahalar shekara guda tana rataye ne a kan safiya ɗaya. Zazzabi ko firgita a ranar sun isa su rushe ta. Amma yana da wata falala da nake ganin iyaye ba su ba ta muhimmancin da ya dace ba, wato faɗuwa a jarrabawarsa ba ta barin tabo. Ɗalibi yana da ikon hana a aika wa jami'a makin da bai yi masa daɗi ba, kuma ko da an karɓi kiredit ɗin, ba ya zuwa da harafin A ko C da zai shiga matsakaicin makinsa na jami'a. Ga yarinya mai shekara 16 da ke gwada ƙarfinta a karon farko, wannan kariya ce babba.

Tsari na biyu, wanda a takardar za ka ga an rubuta Dual Enrollment, ni kuma zan kira shi rajistar gida biyu, a nan ne zan daɗe, domin shi ya fi saurin bunƙasa, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ma'anarsa ita ce ɗalibin sakandare ya yi rajista a matsayin cikakken ɗalibin wata kwaleji, ya ɗauki kwas ɗinta na haƙiƙa, a lissafa masa shi a sakandare da kwalejin a lokaci guda. Kowace jiha da irin nata: Minnesota ce ta fara shi a matakin jiha a 1985, Washington tana da Running Start, Ohio tana da College Credit Plus, ku kuma naku sunansa Career and College Promise, wanda ya fara aiki a 2012. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 ɗaliban sakandare kusan miliyan biyu da rabi ne suka ɗauki irin waɗannan kwasa-kwasai a faɗin ƙasar. A jiharku ɗalibin aji 11 ko 12 mai matsakaicin maki 2.8, ba tare da ƙarin nauyi ba, yana iya shiga, kuma ga mazauna Greensboro kwalejin al'umma, wato kwalejin gwamnati mai karatun shekara biyu, ta GTCC ce mafi kusa. Kuɗin karatu da ɗan jiha yake biya, dala 76 a kan kowane kiredit, an ɗauke wa ɗalibin sakandare, ko da yake littattafai da abin hawa suna iya faɗawa a kanku, don haka ka tambaya tun da wuri.

Ana yin karatun ta hanya uku, kuma hanyar tana da tasiri daga baya. Ɗalibi yana iya zuwa harabar kwalejin ya zauna tare da manya, wasu ma iyayen yara ne da suka taso daga wurin aiki. Yana iya yi ta intanet. Ko kuma a koyar da kwas ɗin a cikin sakandarensa ta hannun malamin da kwalejin ta amince da shi, wanda bisa al'ada ake neman yana da digiri na biyu da kiredit 18 na wannan mataki a fannin da zai koyar. A kowace hanya babu wata jarrabawar ƙasa a ƙarshe. Makin yana taruwa ne daga gwaje-gwaje da ayyukan zangon gaba ɗaya, kuma duk wanda ya samu C ko fiye ya mallaki kiredit ɗin da za a iya tafiya da shi wata jami'a. Ga ɗalibi mai ƙwazon yau da kullum wanda babbar jarrabawa take rikitawa, wannan ya fi AP tabbas nesa ba kusa ba.

Tabbacin yana ƙaruwa idan a cikin jihar za a ci gaba. Akwai yarjejeniya tsakanin kwalejojin al'umma 58 na Karolina ta Arewa da jami'o'in gwamnatinta, wadda ta ware wasu kwasa-kwasai da dole a karɓa idan an ci su da C, irin su ENG 111 na rubutun Turanci, MAT 271 na lissafin kalkulas, BIO 111 na nazarin halittu da CHM 151 na sinadarai. Sai dai ka duba layin da aka sa ta a kai, domin shirin yana da layin masu niyyar wucewa jami'a, yana kuma da layin koyon sana'a kamar walda, gyaran mota ko taimakon ma'aikatan jinya. Layin sana'a yana da daraja kuma yana kai mutum ga aiki da wuri, amma yawancin kiredit ɗinsa ba sa shiga lissafin digirin kimiyya. Da zarar kuma an tsallaka iyakar jiha, ko aka nufi wasu jami'o'i masu zaman kansu, yarjejeniyar ba ta aiki, sai a koma duba kowane kwas shi kaɗai. Wasu jami'o'in, Duke na cikinsu, ba sa karɓar kwas ɗin da aka koyar a ginin sakandare, ko wanda aka riga aka yi amfani da shi wajen cika sharuɗɗan kammala sakandaren. A teburina abin da nake nema a hannun ɗalibi shi ne manhajar kwas ɗin, mai ɗauke da sunan littafi da jerin batutuwan kowane mako, domin in tura wa shugaban sashe ya kwatanta da namu. Waɗanda suka adana ta sukan gama da mu cikin mako guda, waɗanda suka jefar kuma sukan yi watanni suna neman malamin da ya riga ya bar wurin.

Yanzu ga hatsarin da nake so ka ji da kunnen basira. Ranar da ɗiyarka ta yi rajistar kwas na kwaleji, an buɗe mata kundin sakamako na dindindin, kuma abin da aka rubuta a ciki ba ya gogewa. Na taɓa zama da wata ɗaliba 'yar yankinmu, tana shekara ta uku a jami'a, makinta tsaf, tana shirin neman makarantar likitanci, ta shigo da takarda ɗaya a hannu tana tambaya ko akwai yadda za a yi. Tana da shekara 16 ta ɗauki kwas na sinadarai a wata kwaleji, sai aka yi musu rasuwa a gida, iyalin duka suka tafi ta'aziyya har mako uku a tsakiyar zango. Malaman sakandare sun tausaya, suka bar ta ta rama ayyukan da suka wuce ta. Malamin kwaleji kuwa ya bi abin da ke rubuce a manhajarsa: gwaji biyu da aikin ɗakin gwaje-gwaje uku sun wuce, ya rubuta F. Akwai ranar ƙarshe da aka ware wadda ɗalibi zai iya janyewa a rubuta masa W, alamar da ba ta taɓa maki, amma babu wanda ya san da ita a gidan, ta wuce suna can. Cibiyar AMCAS, wadda ke tattara takardun masu neman yawancin makarantun likitanci a Amurka, tana neman kundin kowace kwaleji da mutum ya taɓa yin rajista a cikinta, har da na lokacin sakandare, tana kuma zuba makin cikin lissafinta ko da an maimaita kwas ɗin an ci. Abin da na iya yi mata bai wuce in taya ta tsara bayanin abin da ya faru ba.

Wannan kundi yana kuma shafar tallafin karatu na gwamnatin tarayya, domin ana sa ran ɗalibi ya ci wani kaso na duk kwasa-kwasan da ya taɓa ɗauka, yawanci kashi biyu cikin uku, kuma jami'o'i suna iya lissafawa da na baya. Sannan akwai abin da yakan ba iyayenmu mamaki: a ƙarƙashin dokar sirrin bayanan ɗalibai ta FERPA, haƙƙin bayanan kwaleji yana komawa hannun ɗalibin da kansa komai ƙanƙantar shekarunsa. Malamin kwaleji ba zai kira ka ya ce ɗiyarka ta yi fashin aji ba, kuma idan ka kira shi, mai yiwuwa ya ce ba shi da izinin magana da kai. Akwai takardar izini da ɗaliba za ta iya cikewa a ofishin rajista, ina kuma ba da shawara a cike ta a makon farko.

IB kuwa, wato International Baccalaureate, wani gini ne dabam, kuma kai da ka san bak, jarrabawar kammala sakandare ta tsarin Faransa, za ka fi saurin gane shi fiye da maƙwabtanka Amurkawa. An kafa shi a Janeba ta ƙasar Suwizalan a 1968 domin 'ya'yan ma'aikatan da ke yawo ƙasa-ƙasa su samu takardar da za a karɓa a ko'ina. Shirin difilomarsa na shekara biyu ne, aji 11 da 12, kuma dunƙulalle ne: darussa shida da suka haɗa harshe da adabi, harshe na biyu, nazarin al'umma, kimiyya da lissafi, uku daga ciki a babban mataki mai awa 240 na koyarwa, sauran a matsakaicin mataki mai awa 150. Kowane darasi ana ba shi maki 1 zuwa 7. A kan wannan akwai dogon rubutun bincike na kalmomi 4,000, da darasin nazarin yadda ake sanin ilimi, wanda ya yi kama da falsafar da kuke yi a ajin ƙarshe, su biyun suna kawo ƙarin maki har 3, sai kuma ayyukan hidimar jama'a da motsa jiki da ƙirƙira waɗanda ba su da maki amma dole ne. Jimla mafi girma 45 ce, mafi ƙarancin abin da ake ba da difiloma da shi 24. Wani kaso na makin kowane darasi yana fitowa daga aikin da malami ya duba a makaranta aka kuma tantance a waje, saboda haka nauyin bai taru a rana ɗaya kamar na AP ba. Ba a yinsa sai a makarantar da aka ba izini, irin su Grimsley a garinku, kuma ba a karanta shi a gida a je a zauna jarrabawa kamar yadda ake iya yi da AP.

Idan yawan kiredit kawai ake nema, IB yakan ba da ƙasa da wahalar da aka sha, domin jami'o'in Amurka da yawa darussan babban mataki kaɗai suke lissafawa, su ma sai an samu 5 ko fiye. Akwai wuraren da suka fi kyauta: dokar Texas ta tilasta wa jami'o'in gwamnatinta ba mai difiloma aƙalla kiredit 24 idan makinsa na darussa ya kai 4. Amma a ganina ribar IB tana wani wurin. Ɗaliban da suka fito daga cikinsa sun riga sun saba da rubutu mai tsawo da tsara lokaci, kuma ana ganin haka a shekararsu ta farko. Ita ce kuma takardar da ta fi sauƙin tsallaka teku. Idan akwai yiwuwar ɗiyarka ta yi karatu a Ingila, Kanada ko Faransa, difilomar IB takarda ce da aka sani, alhali kiredit na kwalejin al'umma sai an yi dogon bayani. AP ma yana tafiya waje, amma da tsada: Jami'ar Kambirij ta Ingila tana neman maki 5 a jarrabawa biyar ko fiye. Farashin IB shi ne yana cinye jadawalin shekara biyu kusan gaba ɗaya, kuma wanda yake da rauni a fanni ɗaya ba shi da hanyar kauce masa.

Akwai ƙananan hanyoyi da zan ambata a taƙaice. CLEP jarrabawa ce ta College Board wadda ba ta da aji, ana zama a kwamfuta kimanin minti 90, maki daga 20 zuwa 80, kuma yawancin masu karɓa daga 50 suke farawa. Idan ana jin Faransanci a gidanku, wannan ko AP na Faransanci hanya ce mai sauƙi ta samun kiredit 6 ko fiye da abin da yarinya ta riga ta iya. Larabci kuwa babu shi a AP ko CLEP, amma akwai shi a IB. Tsarin A Level na Kambirij yana nan a wasu makarantu, musamman a Florida, kuma ana lissafa shi kusan kamar babban matakin IB. Sannan akwai makarantun sakandare da aka gina a cikin kwaleji, irin Early College at Guilford, inda ɗalibi kan fita da karatun shekara biyu na jami'a, sai dai yawancinsu daga aji 9 ake shiga, saboda haka wannan ya fi dacewa ka ajiye shi a ranka domin ƙannenta.

Game da kuɗi, kada a yi lissafin dokin rano. Yawancin jami'o'i kuɗin zango suke karɓa a dunƙule daga cikakken ɗalibi, don haka kiredit 9 da aka shigo da su ba sa rage ko sisi sai idan sun taru sun ɗauke zango guda cif. A fannin kimiyya wannan yana da wuya, domin kwasa-kwasan a sarƙe suke, wani ba ya yiwuwa sai an gama wani, kuma wasu sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Abin da aka fi samu shi ne sarari: zango mai sauƙi a lokacin da ake shirin jarrabawar MCAT ta neman shiga makarantar likitanci, ko damar shiga aikin bincike. Ka kuma kula da cewa kiredit ɗin da aka tara kafin kammala sakandare yawanci ba ya hana a ɗauki yarinya a matsayin sabuwar ɗaliba, matsayin da manyan guraben tallafi suke tare da shi, amma kwas ɗin da aka ɗauka bayan kammalawa yana iya mayar da ita mai sauya makaranta a idon wasu jami'o'i.

Likitanci yana da nasa sharaɗi. A Amurka sai an gama digirin farko ake shiga makarantar likitanci, kuma makarantun suna son ganin an yi sinadarai da nazarin halittu da fiziks a jami'a. Wasu ba sa karɓar AP a madadin waɗannan sai an ɗora da kwas na sama a fannin, wasu kuma sun fi natsuwa da wanda aka yi a jami'a mai shekara huɗu. Shi ya sa ko da an ba ɗalibi kiredit na sinadarai, sau da yawa nakan ce ya sake ɗaukar kwas ɗin a jami'a, ya shiga da ƙarfinsa ya samu A, maimakon ya faɗa sinadarai na mataki na biyu a zangonsa na farko yana sabon zuwa.

Da ɗiyata ce, kuma alamu sun nuna a Karolina ta Arewa za ta yi digiri, zan sa ta ɗauki kimiyya da lissafi ta hanyar AP, biyu ko uku a aji 11, inda za ta samu horo mai tsanani ba tare da kundin dindindin ba. Zan ƙara mata kwas ɗaya tak na kwaleji a zangon farko, daga cikin waɗanda yarjejeniyar jiha ta lamunce kuma ba na kimiyya ba, kamar ENG 111, mu ga yadda za ta ɗauki nauyin kafin a ƙara. Idan kuwa mai son karatu da rubutu ce, ba ta da fannin da take gudu, kuma kuna tunanin ƙasar waje, sai ta ɗauki difilomar IB gaba ɗayanta ta bar sauran, domin haɗa ta da wasu kaya yana hana yara barci ba tare da wata riba ba. Kafin ka sa hannu, ku zauna tare ku rubuta jami'o'i huɗu ko biyar da take hange, ku buɗe shafin ofishin rajista na kowace, inda ake wallafa jadawalin makin AP da IB da kuma na kwasa-kwasan da ake karɓa daga wasu kwalejoji, ku jera su kusa da manhajar digirin da take so, sannan ku kai takardar wurin jami'in ba da shawara na makarantarta. Idan kuma ta yi rajistar kwas na kwaleji, ku nemo ranar ƙarshe ta janyewa tun a makon farko, ku rubuta ta a kalandar da ke rataye a falo inda kowa a gidan zai gani.